Gashi a Yamai ko allurar garkuwa a waje: abin da na shimfiɗa wa dangi kafin a sayar da gona

Ranar da sakamakon awon naman Gwaggo ya dawo daga Yamai ya nuna ciwon kansa ne, wato sankara, maganganu uku suka shigo gidanmu na Tawa tun ba a kira isha'i ba. Baffa ya ce shi dai ba za a gasa masa ƴar'uwa ba, don ya ji gashi, wato ƙona ƙari da hasken na'ura, yana cinye garkuwar jiki, mutum ya tsira daga ciwon kansa zazzaɓin cizon sauro ya ɗauke shi. Ɗanta na fari, da ke bida a Abijan, ya turo murya ta WhatsApp haɗe da wani bidiyo: wai akwai allurar da ke tayar da sojojin jiki su cinye ciwon, a sayar da gonar fadama a kai ta Tunis ko Indiya. Wata maƙwabciya kuma ta shigo da kwalba cikin mayafi, ta ce ƙarin garkuwa ne, wata uku in an sha shi ke nan.

Dukansu garkuwar jiki suke kira, kuma son Gwaggo ne ya sa kowa magana. Ni aka juyo ana kallo, saboda aikina awon jini ne a labo, fararen ƙwayoyin nan da ake gardama a kansu su nake ƙirgawa kullum. Ni ba likitan kansa ba ne, hukunci yana hannun wanda ya duba marar lafiya. Na roƙi a ba ni kwana uku, na yi karatu, na yi tambaya, kuma abin da na shimfiɗa wa dangi shi zan shimfiɗa muku, don na san gidaje da yawa a Adar suna zaune a kan irin wannan tabarma. Ciwon Gwaggo sankarar bakin mahaifa ce da ta wuce a cire ta da tiyata, amma ba ta kai huhu ko hanta ba. Ita da ta nono su ne kan gaba a cikin matan Nijar, kuma galibi sai ta yi nisa ake gano ta.

Na fara da Baffa, domin tsoronsa yana da tushe. Mu da muka tashi a bakin hanyar da ke sauko da yuraniyom daga Arlit, duk abin da aka ce haske ne mai ratsa jiki ba ya yi mana daɗin ji. A cikin fararen ƙwayoyin jini akwai jinsin da ake kira limfosit, su ne masu gane baƙo su kashe shi, ko ƙwayar cuta ce ko ƙwayar jiki da ta lalace. Suna cikin ƙwayoyin da hasken gashi ya fi saurin kashewa a duk jikin ɗan Adam. Ana auna hasken da gire, wanda za ku ga an rubuta Gy a takardar likita. Gire 1 zuwa 2 kan kashe rabin limfosit ɗin da ya taɓa, gire 3 ya kashe kusan 90 cikin 100. To mai sankarar bakin mahaifa gire 45 zuwa 50 ake ba ta daga waje, a rarrabe, kusan gire 2 a rana, kwana biyar a mako, har mako biyar.

Ƙarin na'urar take nufa, amma jini ba ya tsayawa a jira shi. Duk lokacin da ake haskawa akwai jinin da ke wucewa ta wurin, gobe wani ya wuce. A 2013 wasu masu bincike a Amurka sun yi lissafin haka kan masu ƙarin ƙwaƙwalwa: zama ɗaya yana ba kashi 5 cikin 100 na jinin da ke yawo rabin gire ko fiye, amma bayan zama 30 kashi 99 cikin 100 ya sami wannan rabon. A ƙugu abin ya fi nauyi, domin kusan rabin ɓargon da ke ƙera jini a jikin babban mutum yana cikin ƙasusuwan ƙugu da ƙasan gadon baya, daidai inda ake haskawa. Saboda haka limfosit suna sauka ga mafi yawan masu wannan gashi, kuma sukan yi watanni kafin su farfaɗo. Na gaya wa Baffa hakan ba ɓoye-ɓoye.

Sannan na gaya masa sauran. Saukar nan ana ganinta a awon jini na kowane mako, likita yana da abin yi tun ba ta yi muni ba, kuma jiki yana mayar da abin da ya rasa sannu a hankali. Ƙarin da aka bari kuwa ba ya mayar da komai. Yana zubar da jini har mace ta yi fari fat, yana matse bututun da ke sauko da fitsari har ƙoda ta tsaya, kuma shi kansa yana fitar da sinadaran da ke kwantar da sojojin jiki. Na ƙara masa da cewa wanda aka yi wa gashi daga waje ba ya dawowa gida da haske a jikinsa. Ana kashe na'ura abin ya ƙare, za a ci tuwo da shi kwano ɗaya.

Inda ɗan Gwaggo yake da gaskiya

Ƙari ɓarawo ne ɗan gida, karnuka ba sa yi masa haushi. Ƙwayoyinsa daga jikin mutum suka fito, shi ya sa sojoji ke wuce shi. Abin da aka gano a shekarun baya-bayan nan, wanda ni kaina ya ba ni mamaki, shi ne gashi yakan tona masa asiri. Idan haske ya farfasa zaren gadon da ke cikin ƙwayar kansa, wato ADN, ɓarɓashinsa yakan zubo daga cibiyar ƙwayar zuwa inda bai kamata a gan shi ba. Ƙwayar sai ta ɗauka birus ne ya shige ta, wani ma'aunin tsaro da ake kira cGAS-STING ya motsa, ta saki intaferon. Intaferon gangami ne. Wasu ƙwayoyi ƴan kai rahoto, ana ce musu dandiritik, sukan amsa kira, su tsinci gutsattsarin mushen su kai kaluluwa, can inda limfosit T ke zaune kamar soja a bariki. A nuna musu kamannin ɓarawo, su hayayyafa, su fito nema. Ƙwayoyin ƙarin da ba su mutu ba ma, gashi yana sa su ƙara bayyana alamominsu a fili, kamar wanda amawalinsa ya zame. A sankarar bakin mahaifa abin yana da ƙarin armashi, domin kusan dukanta birus ɗin HPV ke haddasa ta, jinsi na 16 da na 18 kaɗai suna da kusan kashi 70 cikin 100, kuma furotin ɗin da birus ya bari a cikin ƙwayar baƙo ne tsantsa ga jiki.

Tun 1979 aka ga alamar haka a jikin ɓeraye: waɗanda aka raunana wa garkuwa sai da aka ba su haske mai yawa ƙwarai fiye da masu lafiya kafin ƙarinsu ya mutu. Ma'ana, wani ɓangare na aikin da muke jingina wa na'ura, sojojin jiki ne ke ƙarasa shi.

Daga nan ne labarin da ke cikin bidiyon ya samo asali. Wani lokaci a gasa ƙari a wuri ɗaya, sai wani da ke nesa, wanda haske bai taɓa ba, ya motse. Wani masani ɗan Ingila, R. H. Mole, ya raɗa wa abin suna abskopal a 1953. A 2012 likitoci a Niyok suka ba da labarin wata mai sankarar fata da ke karɓar allurar garkuwa ciwon na ci gaba, aka gasa ƙari ɗaya kusa da gadon bayanta, sai waɗanda ke wasu wurare suka ja baya. Abin ya faru da gaske. Amma da aka tattara duk irinsa da aka rubuta tsakanin 1969 da 2014, mutum 46 aka samu, alhali kusan rabin masu kansa a duniya suna buƙatar gashi, miliyoyi ke nan kowace shekara. Na ce wa ɗan Gwaggo, Yaya, ba a sayar da gona a kan 46.

Dalilin ƙarancinsa shi ne ƙari ma yana da dabara. Da ya ji gangami sai ya fito da wata alama a fatarsa, PD-L1, wadda take kamar takardar izinin wucewa a shingen jandarma: limfosit ya iso da makami, a nuna masa takarda, ya koma. Gashi kansa yana ƙara yawan wannan takarda. Akwai kuma wani rukunin limfosit masu aikin ba da haƙuri da kwantar da faɗa, su kuma sun fi mayaƙan jure haske, sai a wayi gari su suka rage a fili. Ga kaluluwar da ake horar da sojoji, sau da yawa dole a haɗa da ita a gasa, don ciwon ta nan yake bi. Har yawan hasken yana da tasiri: binciken ɓeraye na 2017 ya nuna in aka wuce gire 12 zuwa 18 a zama ɗaya, ƙwayar tana fitar da wani mai shara, TREX1, ya share ɓarɓashin ADN ɗin kafin a buga gangami. Allurar garkuwa aikinta ta hana a karɓi waccan takarda. Gano irin waɗannan hanyoyi na sakin linzamin sojojin jiki ne ya ba James Allison da Tasuku Honjo kyautar Nobel a 2018.

Hanyoyi uku

Ta farko ita ce wadda duniya ta tsaya a kai tun 1999: gashi daga waje mako biyar, tare da ƙarin ruwan shimiyo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, mai suna sisfilatin sau ɗaya a mako, sannan gashin ciki, wanda likitocinmu ke kira kuriterafi, inda ake shigar da tushen hasken har bakin mahaifa. Da aka haɗa sakamakon gwaje-gwaje da yawa a 2008, an ga ƙara shimiyo a kan gashi ya ɗaga masu rai bayan shekara 5 daga 60 zuwa 66 cikin 100. Sisfilatin tsohon magani ne mai araha, sai dai yana son ƙoda lafiyayya da ruwa mai yawa, abin lura ga wanda zai yi jinya a Yamai cikin bazara. Kafin 2021 duk mai buƙatar gashi sai ya ƙetare iyaka. A shekarar ne aka buɗe sashen gashi na cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa, CNLC, da tallafin hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Kilomita kusan 550 ne daga Tawa, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso. Da nisa, amma ba a neman biza.

Abu biyu ke riƙe da wannan hanya. Na ɗaya lokaci: daga zaman farko zuwa gashin ciki na ƙarshe kada a wuce mako 8. Ƙwayoyin da suka tsira sukan ƙara saurin haihuwa a tsakiyar jinya, kuma an daɗe da lura cewa kowace rana da aka ƙara bayan wa'adin tana zaftare kusan kashi 1 cikin 100 na damar kashe ƙarin a wurinsa. Na biyu gashin ciki. Wasu iyalai in sun ga jini ya tsaya bayan mako biyar sai su ce Alhamdulillahi su kama hanyar gida. Ina roƙonku kada ku yi haka. Gashin ciki shi ke kai haske mai ƙarfi tsakiyar ƙarin, kuma da yake a kusa yake aiki bai cika taɓa ɓargo ba. Tun ranar farko a tambayi likita a ina za a yi shi, yaushe, nawa ne, a tanadi kuɗinsa daban.

Ta biyu ba ta cikin bidiyon kowa, don ba ta da mai talla. Gwaji ne da aka yi wa mata 500 a Ingila, Meziko, Indiya, Italiya da Barazil, ana kiransa INTERLACE, sakamakonsa ya fito a 2024. An ba rabinsu shimiyo mai sauƙi sau ɗaya a mako har mako shida, karbofilatin da fakilitaksel, sannan aka shiga hanya ta farko. Bayan shekara 5, 80 cikin 100 suna raye, waɗanda ba a yi wa wannan share fage ba kuwa 72. Magungunan biyu tsofaffi ne da ake samu a ƙasashe irin namu. Amma tana da sharaɗi mai tsauri: tsakanin ƙarin ruwa na ƙarshe da fara gashi kada a wuce kwana 7. An taɓa gwada shimiyo kafin gashi a da, da tazara mai tsawo, bai amfana ba, wani wurin ma ya cutar. Don haka wanda ba a riga an ba shi ranar hawa na'ura ba, kada ya fara wannan. Ta fuskar garkuwa kuma ita ce ta fi dukan ɓargo, domin ana isa ga gashi jini ya riga ya sha wuya. Macen da ta daɗe tana zubar da jini, likita zai duba da kyau kafin ya ɗora mata.

Ta uku ita ce ta ɗan Gwaggo, kuma a nan na fi daɗewa da shi a waya. Gwajin da ya kawo ta sunansa KEYNOTE-A18, mata 1,060 masu ciwon da ya yi nisa. Allurar, fembrolizumab, wadda ake sayarwa da sunan Keytruda, an ba da ita tare da gashi, aka ci gaba da ita bayansa kusan shekara biyu. Bayan shekara 3, kashi 82.6 na masu allurar suna raye, na marasa ita 74.8. Ci gaba ne na gaske, ba na rage masa daraja. Amma ku lura da abin da bidiyon ya tsallake: duk matan nan 1,060 an yi musu gashin waje da sisfilatin da gashin ciki. Allurar ƙari ce a kan gashi. Wanda ya kai uwarsa Tunis don ta guje wa na'ura, na'urar zai tarar tana jiransa.

Kuma ba kullum haɗin ke cin nasara ba. Ƴar'uwar wannan allura, durbalumab, an gwada ta a kan mata 770 masu irin ciwon nan a gwajin CALLA, ba ta nuna bambancin da za a dogara da shi ba. A sankarar maƙogwaro da baki, manyan gwaje-gwaje da suka haɗa allurar da gashi lokaci guda sun fāɗi, kuma wasu masana suna zargin gasa kaluluwar wuya ne ya kashe sojojin da ake son tayarwa. A sankarar huhu kuwa, da aka bari sai bayan an gama gashi aka fara durbalumab, a gwajin PACIFIC, masu rai bayan shekara 5 sun kai kashi 42.9 maimakon 33.4, amma da aka ba da ita lokaci ɗaya da gashin ba a sami wannan riba ba. Magani ɗaya, ciwo ɗaya, jeri kawai aka sauya. Wannan ya nuna mini cewa masana kansu suna kan koyon yadda za a haɗa wuta da sojoji ba tare da ɗaya ya ci ɗaya ba.

Sai kuɗi. A farashin Amurka, miligiram 200 na fembrolizumab ya haura dala 10,000, sama da miliyan 5 na sefa ke nan. Tsarin gwajin shi ne miligiram 200 sau 5, sannan 400 sau 15, jimilla kamar allura 35 ta 200. Ku ninka da kanku. Farashi yana sauka a wasu ƙasashe, amma ko an raba shi huɗu, gonar fadamarmu da shanun Baffa ba su kai rabin hanya ba. Ga wani nauyin da ba na kuɗi ba: sojan da aka cire wa linzami yakan juya kan gida. Allurar tana iya taɓa ƙullin maƙogwaro mai sarrafa ƙarfin jiki, ko hanji ya kama gudawa mai tsanani, ko huhu, ko hanta, wani lokaci watanni bayan an fara. Maganinsa kortizon ne da wuri, a hannun likitan da ya san abin. Gudawar da za a ɗauka ta ruwan rijiya ce a ƙauye tana iya zama wannan. Mai shan allurar yana bukatar awon jini a kai a kai da likita a kusa har shekara biyu.

Kada a ɗora 80 na hanya ta biyu kusa da 82.6 na ta uku a ce ga wadda ta fi. Matan ba iri ɗaya ba ne, na gwajin hanya ta uku ciwonsu ya fi nisa, kuma ɗaya shekara 5 aka ƙirga ɗaya 3. Abin da za a iya faɗa shi ne kowacce ta ƙara kusan mace 8 cikin 100 a kan hanya ta farko, ɗaya da maganin da talaka zai iya kaiwa gare shi, ɗaya da wanda sai mai ƙarfi sosai. A ganina allurar ta dace da macen da ciwonta ya kai mataki na uku ko farkon na huɗu, wadda ke da mai biya ba tare da an tsiyata gida ba, wadda za ta iya zama kusa da babban asibiti, kuma ba ta da cutar da garkuwa ke faɗa da jiki tun asali. Ko ita ɗin ma, kada neman allura ya jinkirta mata gashi. Fasfo, biza, neman mai sayen gona, jiran kuɗi su cika, wata biyu ko uku sun tafi, kuma a wata ukun nan ƙari yana iya tashi daga matakin da ake warkewa zuwa wanda sai dai a rage zafi. Wannan shi ne ya fi tsaya mini a rai cikin lamarin duka.

Wanda ciwonsa daban ne, lissafinsa ma daban ne. A sankarar nono an tabbatar a Ingila cewa zama 15 yana yin aikin zama 25, har ma a 2020 aka nuna zama 5 cikin mako guda ya isa ga mata da yawa. Ciwon da ya shiga ƙashi, zama ɗaya na gire 8 yana rage zafi kamar zama 10, sai dai an fi komawa a maimaita. Ƙarancin zama yana nufin jini kaɗan ne ya bi ta ƙarƙashin haske, kuɗin haya da na abinci ma sun ragu. In likita ya ce zama kaɗan za a yi, ba rowa ya yi muku ba. A bakin mahaifa dai mako biyar ɗin nan su ne ƙa'ida.

Kwalbar maƙwabciya na karɓa da hannu biyu na yi godiya, amma ba a sha ba. Ba mu san abin da ke ciki ba, ƙodar da za ta ɗauki sisfilatin kuwa ba a jarraba ta da abin da ba a sani ba. Ko na farmasi ba kowane ne ke da amfani a lokacin gashi ba. A Kanada an ba masu sankarar maƙogwaro da baki su 540 ko dai bitamin E mai yawa ko ƙwayar da ba komai cikinta, da fatan rage musu wahala, sakamakon da ya fito a 2005 ya nuna ciwon ya fi dawowa ga masu bitamin ɗin. Gashi da wasu sinadarai masu ƙuna yake kashe ƙari, abin da ke kashe kaifinsu yana iya kāre ƙarin shi ma. Zogale a kwaɗo, wake, ƙwai, nama, kifi, fura da nonon da aka tafasa, waɗannan abinci ne, a ci. Rubutu da addu'a ba wanda ya hana. Duk wani abin sha ko na tsarki da aka kawo, a nuna wa likita tukuna.

In ana son a taimaki garkuwar marar lafiya da gaske, ga inda ƙoƙari ke da amfani. Jini: haske ya fi kashe ƙwayar da ke samun iska, wadda ba ta samu tana iya buƙatar har ninki uku, kuma mata masu ƙarancin jini sakamakonsu ya fi rauni. A nemi ƴan'uwa masu ba da jini tun kafin a tashi. Awon sida: mace mai ɗauke da ita ta fi sauran mata haɗarin wannan sankara kusan sau shida, gashi kuma yana saukar da CD4, jinsin limfosit ɗin da sida ke kashewa, don haka a auna, in akwai a riƙe magani ba fashi. Gidan sauro, ruwa mai tsabta, nesa da mai tari. Zazzaɓi a lokacin jinya ba a kwana da shi, ba a sayen ƙwaya a tebur, asibiti ake komawa a daren. In azumi ya riske ta tana jinya, Allah ya yi wa marar lafiya rangwame, ta sha ruwanta ta rama daga baya. Akwai kuma dokar 2007 da ta sa kula da sankarar mata kyauta a asibitocin gwamnati, a tambaya a cibiyar abin da ta ɗauke da abin da iyali za su saya.

Da na gama, Baffa ya yi shiru yana jan carbi. A nan na lura kwana uku muna ta kai da kawo ba wanda ya tambayi mai ciwon. Na matsa kusa da ita na ce, Gwaggo, ke me kika gani? Ta ce, ɗana, ni biyu nake son ji: in an gasa ni zan iya goya jikata, kuma wa zai zauna da ni a Yamai? Na ce za ta goya ta ranar da aka fara ma in tana da ƙarfi. Ƙanwata ta ce ita za ta bi ta.

Likitan da ya duba ta ya ga jininta ya yi ƙasa, ya ajiye maganar shimiyon share fage, ya ce hanya ta farko za a bi bayan an ƙara mata leda biyu. Gona tana nan. Kuɗin da ɗanta ya tara don jirgi su aka kama ɗaki da su kusa da asibiti na wata biyu, aka ware na gashin ciki, saura na abinci da taksi. Kowace Juma'a ƙanwata tana ɗaukar hoton takardar awon jini ta turo mini. A mako na huɗu limfosit sun sauka ƙasa da rabin inda suka fara, kamar yadda na gaya wa Baffa za su yi, sauran fararen ƙwayoyin suna riƙe, likita ya ce a ci gaba. Na tura wa Yaya hoton a Abijan, na rubuta masa a ƙasa cewa zama bakwai suka rage kafin gashin ciki.